Ƙusoshi Huɗu na Malam Haladu

Na shiga Abuja da akwatin kayan ƙirar mahaifina a ka, da sunan mutum ɗaya rubuce a takarda cikin aljihu. Ni mutumin Tasawa ne a ƙasar Nijar, kuma gidanmu ba a san wata sana'a ba sai ƙirar fari: zobe, 'yan kunne, warwaro, abin wuya. A shekarun nan ne soja suka koma bariki a Najeriya, wayar salula ta fara shiga hannun kowa, kuma duk wanda ya dawo gida labarinsa ɗaya, wai ana gina gari sabo fil, matan manya na sayen zinariya kamar gyaɗa. Na saurara har na yarda. Shekarata talatin da biyu a lokacin, ina da mata da 'ya'ya biyu, da girman kan da ya fi akwatin nauyi.

Mutumin da ke cikin takardar sunansa Sallau, ɗan unguwarmu ne da ya daɗe da barin gida. Shi ya aiko mini cewa akwai gurbi a wani shagon zinariya a kasuwar Wuse. Ya tare ni a tasha da fara'a, ya saya mini shayi da burodi, ya tambaye ni mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Sannan ya kai ni ƙarƙashin wata gada ya ce in sauke kaya.

"Laminu, nan fa ba Tasawa ba ce," in ji shi. "Ka shiga kasuwa da wannan a ka, ga shi ba ka da takarda, kama ka za a yi. Kawo in kai wa oga ya ga kayan aikinka, kai ka jira ni nan. Minti goma."

Na jira daga hantsi har magariba. Har yau idan na tuna cewa da hannuna na taya shi ɗora akwatin a kan babur, har ina roƙon mai babur ya tafi a hankali, sai in ji kamar in mari kaina. Uwar maƙerar kakana tana ciki, da magagarai, da awartaki, da ma'aunin zinariya. Abin da ya rage mini shi ne abin da ba ya barin aljihun maƙerin fari: magogin ƙarfe, da ƙyallen fata, da ɗan gwangwanin jan man goge.

Kwana uku na yi ina yawon nemansa. Wani mai sayar da rake ya ce ya san shi, a Dutse Alhaji yake kwana, can kan hanyar Bwari. Na tafi, rabi a ƙafa rabi a bayan tifar yashi. A Dutse kowa ya san Sallau, amma kowa da nasa Sallau, babu nawa a ciki. Dab da magariba na faɗa wani ƙaramin masallaci na kwano a bayan layin masu kayan miya. Gaskiya ba salla ta kai ni ba, ruwan randar alwala na je sha, don tun jiya babu abin da ya shiga cikina.

Aka tayar da salla, na shiga sahun baya, liman ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, ba ya kuma jan ta don a yaba, amma kowane harafi yana fitowa a tsaye, a wanke, babu wanda ya taka ɗan'uwansa. Ni da na yi kwana uku ina jin ƙarar mota da Turancin da ban sani ba, wannan ne abu na farko da na gane a garin. Na yi kuka a cikin salla har wanda ke kusa da ni ya matsa.

Da aka sallame, liman ya bar mutane suka watse sannan ya zo ya zauna kusa da ni. Dattijo ne ɗan Zariya, siriri, yana da shagon huluna da darduma da turare a jikin masallacin. Sunansa Malam Haladu. Na ba shi labarin akwati, ina jiran wa'azi a kan haƙuri. Bai yi ba. Ya leƙa ƙofar gidansa ya ce a zubo tuwo, ya zauna yana kallona har na suɗe kwanon.

"To ɗan Faransa," ya ce, "an yi maka maraba irin ta Abuja. Akwai wuri a bayan shago tsakanin katan-katan. Sauro ne kawai zai karɓi haya."

Sunan da ya bi ni ke nan har yau. Shekara ɗaya da rabi na yi a bayan shagon nan, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni yaushe zan tashi ba.

Shi ne ya samo mini aiki a Apo, wajen kanikawa, ta hannun wani direba da ke bin sa salla. Maigidana a can Oga Emeka ne, mai gyaran lagireto da batir. Ni da na saba zuba azurfa a kasko, sai ga ni ina liƙe ramin lagireto da dalma, ina ɗura ruwan batir har rigata ta zama rariya. Babu mai kiran sunana. Kowa "aboki" yake ce mini, kuma da irin muryar da ba a kiran aboki da ita. Ranar Asabar nakan je wajen masu wayar kuɗi a ƙarƙashin lema in kira maƙwabcinmu a Tasawa ya kai wa matata Hadiza. Sai in ce mata shagon zinariya yana tafiya daidai, ciniki ne dai bai buɗe ba tukuna. Idan ta ce yara na tambaya yaushe zan zo, sai in ce layi ba ya da kyau. Na yi kewar gida har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Ba ma mutane kaɗai ba, ƙarar masaba a zauren gidanmu da safe nake kewa, da ƙamshin gawayin ƙirya.

Ana cikin haka Malam ya yi haɗari. Yana kan acaɓa zai je ta'aziyya, wata tifa mai ɗauke da tsakuwa ta matse su, ya faɗi da fuska a kan kwalta. Allah ya kiyaye ransa, amma haƙoransa huɗu na gaba, na sama, suka tafi. Da bakin ya warke aka yi masa na roba. Da su yana iya magana da ciniki, karatu ne suka ƙi. Iska takan sulale ta ƙarƙashinsu, haruffa su fito da fito. Wata rana a sallar la'asar ya ɗaga kabbara, sai suka faɗo a kan darduma a gaban sahun farko. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ɗaga kai. Amma da magariba ta yi, Malam ya kama hannun na'ibinsa ya tura shi gaba, shi ya koma sahu na biyu. Bai sake jan salla ba.

"Littafin Allah ne," ya ce da ni da na yi masa magana. "Ba zan tsaya gaban mutane ina tauna shi ba."

Ya ci gaba da zolayata kamar da, amma na ga mutumin yana ƙanƙancewa a cikin rigarsa.

Wata biyu bayan haka wani mutum ya kawo motarsa Apo. Ya tsaya yana kallon yadda nake surka ruwan batir, yadda nake zuba asid a kan ruwa a hankali ba ruwa a kan asid ba, da yadda nake riƙe ƙaramin abu da awartaki hannuna ba ya rawa. Ya tambaye ni da gurguwar Hausa inda na koya. Na ce a gidanmu da ruwan tsami muke wanke azurfa tun ina yaro. Ya ce yana da aikin da ya fi wannan tsabta. Mutumin kudu ne, ya yi shekaru a ƙasar waje yana karatun ƙarafa, ya dawo da abin da ya tara don ya kafa abin kansa. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka.

Wurin aikinsa wani gida ne mai ɗaki uku a kan hanyar Sheda, gonakin doya sun kewaye shi ta ko'ina. A can nake kwana, sai Jumma'a in hau mota zuwa Dutse. Abin da muke yi kuwa, da wani ya ba ni labarinsa a Tasawa da na ce ƙarya ce. Wasu 'yan ƙusoshi ne, kowace ba ta kai gaɓar yatsa ba, masu zare irin na noti, an ƙera su da wani ƙarfe mara nauyi mara tsatsa da ake kira taitaniyam. Likitan haƙori zai huda ƙashin muƙamuƙin mutum ya murɗa ƙusar ciki, a bar ta wata uku har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kanta. Ba ya motsi, ba ya faɗuwa, kamar wanda aka haife ka da shi.

Daga waje ake aiko su cikin katan, suna ƙyalli kamar sabuwar azurfa. Aikina shi ne in ɓata su. Haka na ɗauki abin tun ranar farko. Zan jera su cikin wani akwatin gilashi, in zura hannu ta safar roba, in yi musu feshin yashi mai laushi har ƙyallin ya mutu. Daga nan in tsoma su cikin haɗin asid iri biyu mai zafi, a ƙarƙashin bututun da ke zuƙe hayaƙi, idona a kan agogo, don ko minti ɗaya ba a ƙarawa. Sai ɗauraya da ruwan da aka tace, sau da yawa, cikin wani kwano mai zuga kamar ƙudan zuma. Sai busarwa. Duk wannan da awartaki, da takunkumi a hanci, hannu ba ya taɓa su. A ƙarshe kowace ta shiga 'yar kwalbarta, a liƙe, a naɗe da takarda mai lamba, a sa cikin tukunyar tururi. Suna fitowa launin toka, a dushe, kamar gindin tsohuwar tukunya.

Hayaƙin ya ba ni tari, ya dusashe mini murya. Wannan bai dame ni ba kamar kunyar aikin. Maƙerin fari ne ni, a gidanmu ba a miƙa wa mutum kaya sai an goge shi har ya ga fuskarsa a jiki.

Injiniya ya lura da fuskata. Wata rana ya ɗora ƙusa ɗaya a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa. Na ga ramuka a kan ramuka, kamar itacen da gara ta ci.

"Ka gani?" ya ce. "Ƙashi tana so wannan. Nan ne tana shiga, tana kamawa. In ya yi santsi, ba ta riƙe shi. In datti ya taɓa, wahala. Kar ka sa hannu, ko hura shi kar ka yi. Ka ji ko?"

"Na ji, oga."

Na ji, amma ban yarda ba, kuma ina da dalilina. Ina ɗan shekara goma sha biyu na ƙera 'yan kunne na farko, na bar ɗan kaushi a jikin sandar da ke shiga huda. Kunnen yarinyar da aka saya wa ya kumbura, ya yi mugunya. Mahaifina ya tasa ni gaba har gidansu na durƙusa na ba da haƙuri, muka dawo ya sa na yi wata guda ba na taɓa komai sai goge. Shekara ashirin na yi da sanin cewa duk abin da zai shiga naman mutum sai ya zama sumul, kuma na ga haka da idona a kunne da hanci ba iyaka. Ga kuma wata kalanda a bangon ofishin Injiniya, ta wani kamfanin waje, da hoton irin ƙusar nan tana walƙiya kusa da wata Baturiya mai murmushi. Sai na haɗa lissafina: masu ƙyalli na Turawa ne da manya, masu kaushi na talakawa, bayanin ƙashi kuwa daɗin baki ne. Abuja ta riga ta koya mini cewa duk wanda ya tsaya yi maka dogon bayani, akwatinka yake nema.

Duk da haka aikinsa na yi masa yadda ya ce, don ba ni da inda zan je. Har ranar da ya gaya mini cewa wani likitan haƙori a cikin gari ya yarda zai gwada namu, kuma mutanen farko kyauta za a yi musu. Murna ta kama ni. Na ba shi labarin Malam, na roƙe shi har na tsuguna. Ya yi dariya ya ce in tashi, in kawo babana.

Malam ne ya ba ni wahala.

"Ƙusa a ƙashi, ɗan Faransa? Ni ƙyauren ƙofa ne?"

"Malam, na rantse ba ya motsi. Karatunka zai dawo kamar da."

Ya daɗe yana jan carbi. Na ga abin da kalmar karatun nan ta yi masa a ido.

"Wa ke ƙera su?"

"Daga waje suke zuwa, amma ni nake gama su. Da hannuna."

"To," ya ce. "Tunda hannunka ne."

Likita ya duba shi, ya ɗauki hoton ƙashin, ya ce yana da kyau, zai riƙe huɗu. Aka sa rana. Muka gama ƙusoshin ranar Asabar, Injiniya ya duba su ɗaya bayan ɗaya a madubi, na liƙe kwalaben, na ware huɗu na rubuta sunan Malam da ajami a gindinsu. Saura tukunyar tururi ranar Litinin.

Ranar Lahadi Injiniya ya tafi coci Gwagwalada, daga can zai wuce wajen iyalinsa. Na zauna ni kaɗai da kwalaben nan huɗu a gabana. Mutumin da ya ba ni tuwo ba tare da ya san ni ba, shi zan miƙa wa wannan abu mai kama da abin da aka tsinto a bola? Shi za a cusa wa kaushi a baki don ba shi da kuɗi? Na ce wallahi ba da hannuna ba. Na ɓare su. Na ciro magogi da fata da jan mai daga aljihu.

Ƙarfen nan yana da taurin kai, bai yarda da sauƙi ba. Na bi zaren layi-layi, na danne ramukan da magogi, na shafa mai, na murza da fata, na hura, na sake murzawa. Daga hantsi har la'asar ban tashi ba sai don salla. Kuma bari in faɗi gaskiya ko da ta fi komai ciwo: wannan ce ranar da na fi farin ciki tun da na taka Abuja. Na ji ni maƙeri ne kuma. Har waƙar zuga nake yi ƙasa-ƙasa. Da na gama na jera su a tafin hannuna a bakin taga, suna ɗaukar ido, na ce da ma mahaifina yana raye ya gani. Na wanke su da sabulu, na mayar cikin kwalabe, na liƙe, na naɗe takardar yadda take. Washegari Injiniya ya zuba su a tukunya tare da saura. Bai buɗe ba, don ya yarda da ni.

Daga baya na ji cewa likitan ya lura da ƙyallin lokacin da ya buɗe. Ya ɗauka wani samfuri ne na waje Injiniya ya ware wa dattijon don girmamawa, ya murɗa su ciki.

Wata uku aka ce a jira, kuma lissafi ya faɗa dab da azumi. Malam ya koma kunu da koko da farfesu, bai yi ƙorafi ba. Duk Jumma'ar da na zo sai in tarar da shi a shago da Alƙur'ani a buɗe, yana tilawa da leɓe ba sauti. Ya gaya wa na'ibi cewa in Allah ya yarda bana shi zai ja asham. Magana ta bazu a layin. Masu kayan miya da ba su taɓa kula ni ba suka fara gaishe ni da "Maƙeri, sannu da ƙoƙari." Na karɓi gaisuwar da hannu biyu. Na ma kira Hadiza na ce mata na yi wani aikin da zan ba ta labarinsa idan na zo.

A mako na shida na ga leɓensa na sama ya ɗan tasa. Ya ce ba komai, zafin gari ne. A na bakwai na tarar da shagon ya cika da hayaƙin turare fiye da kullum, shi kuma yana tauna kanumfari. Da na matso gaishe shi, na ji warin da turaren yake ɓoyewa. Na san warin, na taɓa jin sa a kunnen yarinyar nan. Amma ko a lokacin ban zargi hannuna ba. Cewa na yi a raina, da ban goge su ba da abin ya fi haka.

A mako na goma sha ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi wajen likita. Biyu daga cikin ƙusoshin da ɗan awartaki kawai aka zare su, ko murɗawa ba a yi ba. Sauran biyun sai da aka tsaga dasashi aka kankare. Ƙashin da ke kewaye da su ya ruɓe, an kwashe shi. Likita ya ce babu sauran inda za a kafa wani abu, sai dai a fita waje a yanko ƙashi daga ƙugu a dasa, kuma kowa ya san wannan ba maganar mai sayar da huluna ba ce. Ko haƙoran roban da yake sawa da, yanzu ba su da tudun da za su zauna.

Likita ya aiko wa Injiniya ƙusoshin a cikin leda, da saƙon cewa kada a sake kawo masa ko ɗaya. Ina ɗauraya a ɗakin asid ya kira ni. Ya nuna madubi da yatsa. Na leƙa. Babu rami ko ɗaya, sumul kamar tangaran, sai wani jan layi siriri kwance a cikin kowane zare.

"Menene wannan ja?"

Na ciro gwangwanin na ajiye a kan tebur. Ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni. Sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa, babban mutum da farar rigarsa ta aiki, yana magana da yarensu shi kaɗai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Laminu, na nuna maka. Da idonka ka gani."

"Ka nuna mini, oga."

"To me ya sa?"

"Na ɗauka cutar talaka ake yi."

Na so ya mare ni, ko ya kira 'yan sanda su tafi da ni, da na samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce man nan da kitsen da ke cikinsa babu sabulu ko tururin da zai fitar da shi daga zare, kuma ko da babu shi, na riga na toshe duk inda ƙashi zai kama. Ya faɗa a hankali, kamar har yanzu koya mini yake yi. Sannan ya tashi ya buɗe mini ƙofar gida.

"Ni ba zan faɗa wa baba ba," ya ce. "Kai za ka faɗa."

Kwana huɗu na yi a Apo ina kwana cikin wata mushen bas, na kasa hawa motar Dutse. Na yi tunanin in wuce Tasawa kai tsaye, babu wanda zai taɓa sani. Na je tasha har sau biyu. Shekaru sun shuɗe yanzu, ina nan Apo ina liƙin lagireto, iyalina ma sai daga baya suka biyo ni, kuma ban sake riƙe magogi ba. Amma a kwanakin nan huɗu ban san ko zan iya kai gobe ba. Na tsani hannuwana har ba na son in ga suna kai abinci bakina.

Ranar da aka ɗauki azumi na je. Bayan la'asar ne, layin ya cika da masu sayen kayan buɗa baki. Malam yana zaune a shago, ya rame, ya ja rawani ya rufe bakinsa har hanci. Da ya gan ni idonsa ya yi haske, ya buga tabarma da hannu alamar in zauna. Ya riga ya ji cewa na bar aiki. Ya jawo murfin katan da biro ya yi rubutu da ajami ya miƙo mini. Cewa ya yi in yi haƙuri, ya san saboda shi aka kore ni, jikin tsoho ne ya ƙi karɓa, ba laifin kowa ba ne.

Na karanta sau biyu. Ga ƙofa a buɗe, da na yi shiru shi ke nan.

Na gaya masa duka. Madubin, da gargaɗin Injiniya, da ranar Lahadi, da jan mai. Na gaya masa cewa sauran mutanen da aka sa wa masu kaushin duk nasu sun kama, shi kaɗai ne nasa suka ruɓe, don shi kaɗai na so. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

A waje mai ƙosai tana kiran ciniki, wani ya leƙo yana tambayar kuɗin hula, ya ga fuskokinmu ya juya. Sai Malam ya sa hannu ya sauke rawanin. Ban taɓa ganin bakin ba tun da aka cire ƙusoshin. Leɓen sama ya faɗa ciki, fuskar ta naɗe kamar ta ɗan shekara casa'in, ga zaren ɗinki baƙi yana leƙowa. Ya yi magana. Iska ce kawai ta fito, da wani sauti mai kama da kuka.

"Na'am, Malam?"

Ya sake faɗa, da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ban gane ba. Wallahi na kasa kunne iyakar iyawata, ban gane ba.

A karo na uku ya riƙe wuyan hannuna, ya matso da fuskarsa kusa da tawa, ya rarraba kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yawu na gangaro masa a gemu. Sai a lokacin na fahimta. Cewa yake ya yafe mini.